Kolifom da E. coli a takardar gwajin ruwan rijiya: me lambobin suke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. A watan Agusta na kai ruwa iri biyu ɗakin gwaji, na rijiyar gidanmu da na tankin bohol ɗin maƙwabcinmu da muke ɗiba wani lokaci. A na rijiya an rubuta jimillar kolifom 240, E. coli 33 a mililita 100. A na bohol kuma kolifom 8, E. coli 0. Ruwan rijiyar garau yake, ba ya wari, mun yi shekaru muna sha. Me lambobin nan suke nufi, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin bayani ya yi nisa, daga yau kada kowa ya sake shan ruwan rijiyar nan sai an tafasa shi ko an sa masa kulorin, musamman yara. E. coli 33 a mililita 100, wato a ƙasa da rabin kofin shayi, shaida ce cewa bayan gida na mutum ko na dabba yana samun hanyar shiga rijiyar, kuma bai daɗe da shiga ba. Na bohol ɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, za mu zo kansa.

Kolifom suna ne na dangi guda na ƙwayoyin bakteriya. Abin da ya haɗa su a wurin masu gwaji shi ne suna cin sukarin madara, wato laktos, su fitar da tsami da iska idan an ajiye su a zafin digiri 35 zuwa 37 na kwana ɗaya zuwa biyu. A cikin dangin akwai Escherichia, da Klebsiella, da Enterobacter, da Citrobacter. Da yawansu suna rayuwa a ƙasa, a ruɓaɓɓen ganye, a dauɗar da ke kama cikin tanki da bututu, ba ruwansu da masai. Shi ya sa layin jimillar kolifom shi kaɗai ba ya tabbatar da najasa. Abin da yake faɗa shi ne ruwan a buɗe yake, ƙazantar waje tana iya shiga.

E. coli daban take a cikinsu. Mazauninta hanjin mutum ne da na dabbobi da tsuntsaye. Wani likitan yara, Theodor Escherich, shi ya gano ta a Jamus a 1885 cikin kashin jarirai, daga baya aka sa mata sunansa. Giram ɗaya na ɗanyen kashi yana ɗauke da ita daga miliyan ɗaya har zuwa biliyan. Yi lissafi da rijiya mai faɗin mita ɗaya da ruwa mai zurfin mita 3: ruwan cikinta kusan lita 2,360 ne. Ko da mafi ƙanƙantar adadin aka ɗauka, miliyan ɗaya, giram ɗaya tak ya faɗa ciki ya gauraye, kowane mililita 100 zai sami kusan 42. Ka ga lambarka ba ta buƙatar masai ya rufta cikin rijiya. Ɗan abin da igiyar guga ta kwaso daga ƙasa inda kaji suka yi kashi ya isa, balle a ce a ƙarƙashin ƙasa ake ta tsatsafowa kullum.

Yawancin E. coli da ake ƙirgawa ba su ne ke kwantar da mutum ba, kowa yana yawo da nasa a ciki. Dalilin da ake neman su shi ne ba a iya farautar kowace cuta ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar kwalara, da ta taifot, da ta atuni, da ta ciwon hanta nau'in A da E, kowacce da irin gwajinta mai tsada, kuma ba kullum suke cikin ruwa ba. Sai ranar da wani mai ɗauke da su ya zaga masan da ke zuba a rijiyar. Idan aka jira sai an kama su da kansu, to an riga an makara. E. coli kuwa tana cikin kashin kowa, mai lafiya da marar lafiya, kuma gwajinta kwana ɗaya ne ko biyu. Sawu ce. Inda ta bi ta iso randarka, nan kwalara za ta bi ranar da ta shigo unguwa. A 2021 annobar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da kwana: kada a sami E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, shi ma sifili ya sa. Don a san inda za a fara kai ɗauki, ana rarraba sakamako hawa-hawa: 1 zuwa 10 haɗari kaɗan, 10 zuwa 100 matsakaici, 100 zuwa 1,000 babba, abin da ya haura 1,000 kuwa ya kai maƙura. Rijiyarka tana matsakaici. Kada kalmar ta kwantar maka da hankali, domin hoton yini ɗaya ne. Da a ce washegarin ruwan sama mai ƙarfi ka ɗiba, lambar tana iya ninkawa sau da yawa.

Maganar cewa ruwan garau yake. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido ba shi da aiki. Tsawon ƙwayar E. coli kusan mikromita 2 ne, sai an jera wajen 500 kafin su cika milimita ɗaya. Dubbansu za su zauna a kofi ruwan yana ƙyalli. Mutane da yawa suna kawo hukuncin da suka koya a fiƙihu, cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, malamai ne masu magana a kansa. Lafiyar sha fage ne daban. Shekarun da kuka yi kuna sha kuma, jikin babba yakan saba da wasu ƙwayoyin. Wanda ke biyan kuɗin shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara biyar mai yawan gudawa ana cewa haƙori ne, da tsoho, da baƙo, da mai juna biyu, wadda ciwon hanta nau'in E yake yi wa mummunan kamu.

Yana da kyau ka san yadda aka sami lambobin, don ka iya yi wa ɗakin gwajin tambaya. 240 da 33 da 8 duk lambobi ne da ke fitowa daga jadawalin hanyar kwalabe, wadda ake rubuta wa MPN. Ana jera ƙananan kwalabe 15 masu ruwan abincin ƙwayoyi, galibi na MacConkey. Biyar a zuba musu mililita 10 na ruwanka, biyar mililita 1, biyar mililita 0.1. A cikin kowace kwalba akwai wata 'yar ƙaramar kwalba a kife wadda ke tare iska. Bayan awa 24 zuwa 48, duk wadda launinta ya koma rawaya kuma iska ta taru a cikinta, an ce ta kama. Idan biyar na farko da biyar na biyu duk suka kama, na uku babu ko ɗaya, jadawali ya ce 240. Biyar, ɗaya, sifili shi ne 33. Uku, sifili, sifili shi ne 8. Kiyasi ne na lissafi, don haka 33 da 49 ba wani bambanci ba ne a aikace. Bambancin da ke da ma'ana shi ne tsakanin sifili da wani abu, da tsakanin goma da ɗari.

Wannan matakin farko zato ne kawai. Dole a ɗebi kaɗan daga kwalaben da suka kama a sake shukawa a zafin digiri 44 zuwa 44.5. Yawancin kolifom na ƙasa da ganye ba sa jure wannan zafin, na hanji suna jurewa. Sannan a tabbatar E. coli ce, ko ta gwajin indol, ko ta shuka a farantin abincin ƙwayoyi mai suna EMB inda take fitowa da ƙyalli kore kamar bayan ƙudan bukari. Ɗaya hanyar ita ce tacewa: a tsotse mililita 100 ta cikin wata takardar tata mai ƙofofi mikromita 0.45, a ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyi, gobe a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Sakamakon wannan CFU ake rubuta masa. Idan ka ga TNTC, ana nufin sun yi yawan da ba su ƙirguwa, sai an sirka ruwan an sake. Akwai kuma garin gwaji irin su Colilert da ake zubawa kai tsaye a mililita 100: ruwan ya koma rawaya, akwai kolifom, ya yi haske a ƙarƙashin fitilar UV, akwai E. coli.

Abubuwa uku nake so ka tambaye su. Na farko, mililita nawa suka gwada? Wanda ya ɗiga mililita ɗaya a faranti bai ga komai ba ya rubuta sifili, bai gwada ruwan sha ba. Ruwa mai E. coli 33 a mililita 100, sau da yawa mililita ɗaya daga cikinsa zai fito fes. Ka duba ma ko a kan mililita 1 aka rubuta lambar ko a kan 100, domin bambancin ninki ɗari ne. Na biyu, an tabbatar da E. coli a zafin 44 ko an tsaya a matakin zato? Na uku, wanda ya shafe mu sosai a nan: me ke riƙe na'urar ɗumamawa idan an ɗauke wuta? Idan zafin ya sauko na wasu awoyi, kolifom na ƙasa za su tsiro a ɗauke su na hanji. Idan ya haura, E. coli da kanta ba za ta tsiro ba, a ba ka sifili na ƙarya. Ɗakin gwaji na kirki yana kuma gwada tsaftataccen ruwa a gefe, don ya tabbata ƙazantar ba daga kayansa ta fito ba. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙananan halittu da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, a Mando ta Kaduna kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. Wurare ne da za ka iya neman shawara a kan gwaji na biyu.

Ɗibar ruwan ma tana ɓata sakamako fiye da yadda ake zato. Robar lemo da aka ɗauraye ba ta yi. Ka karɓo kwalbar da aka turara daga ɗakin gwajin, kada a buɗe ta sai lokacin ɗiba, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfinta, kada a ɗauraye ta. Idan famfo ne, a cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura, a goge bakin da sipirit ko a babbaka shi idan na ƙarfe ne, a bar ruwa ya zuba minti 2 zuwa 3 sannan a tara. Idan rijiya ce, a ɗaura kwalbar da tsaftatacciyar igiya da ɗan nauyi, a zura ta ƙarƙashin ruwa ba tare da ta gogi bango ko ta taɓa laka ba. A bar ɗan sarari kamar santimita 2 zuwa 3 a sama don a iya girgizawa. A sa a kula da ƙanƙara, ya yi sanyi amma kada ya daskare, a kai cikin awa 6. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a sake. Ruwan da aka sa wa kulorin kuwa, sai kwalbar tana da ɗan sodiyam tayosalfet a ciki, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, a ce maka ruwan lafiya lau.

Yanzu rijiyar kanta. Ruwa ba ya tsami banza, akwai ta inda abin ke shigowa, kuma aikinka shi ne ka gano ta sama ne ko ta ƙasa. Ta sama ta fi yawa kuma ta fi sauƙin gyara. Tsaya a bakin rijiyar ka duba. Bakin ya ɗaga daga ƙasa, ko ruwan tsakar gida yana iya malalowa ciki? Akwai murfi mai rufuwa? Akwai daɓen siminti kewaye da ita, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, mai gangara waje, ko ya tsattsage? Ina ruwan wanki da na wanke yara yake kwanciya? Ina turken awaki? Guga da igiya, a rataye suke ko a ƙasa ake yar da su, kuma kowa da nasa yake zuwa? Sai ka leƙa ciki da tocila bayan an yi ruwa. Idan ka ga bangon sama yana naso ko ruwa yana tsiyayowa ta tsakanin zoben siminti, ka ga ƙofar. Mita 3 na sama ya kamata a ce a toshe suke ruf da siminti, a kuma cike bayan zoben da yumɓu ko kankare.

Ta ƙasa ita ce mai wuya. Abin da aka saba bayarwa shi ne mita 30 tsakanin masai ko sokawe da rijiya, masan ya kasance ta gangare, kuma gindin raminsa ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A Tudun Wada, ko Sabon Gari, ko cikin birni, gida nawa ne ke da filin mita 30? Ko naka ya yi nisa, na maƙwabci yana iya zama a bayan katanga, taku biyar daga rijiyarka. Ƙasar Zariya marmara ce da ruɓaɓɓen dutse a kan dutse mai tauri. Da rani ruwan ƙasa yana can nesa, busasshiyar ƙasar da ke tsakani tana tace abin da ke sauka daga masai. Da damina ta kankama, Agusta zuwa Satumba, ruwan yana hawowa har ya tarar da gindin ramin, tacewar ta ƙare. Inda kuma akwai tsaga a dutse, ruwa yana bi da sauri ba tare da ya tacu ba. Don haka a sa gwajin naitiret, wani sinadari da ke fitowa daga ruɓewar najasa da taki, a cikin abin da za ka nema. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Idan ya yi yawa tare da E. coli, alama ce mai ƙarfi cewa masai ne ko sokawe. Naitiret ba ya fita da tafasawa ko kulorin, kuma yana da haɗari ga jariran da ake dama wa madara da ruwan.

Sai an gama gyara sannan a wanke rijiyar da kulorin. Wanda ya zuba magani bai toshe ƙofa ba, sati biyu ya saya. A fara yashe ta. Mai shiga ya kasance da igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma kada a kuskura a sa injin fetur a ciki ko dab da baki, hayaƙinsa yana sauka ya kashe mutum. Idan ruwa ya dawo, a auna. Faɗi sau faɗi sau 0.785 sau zurfin ruwa, duk a mita, sai a ninka da 1,000, ya ba ka lita. Ana neman miligiram 50 na kulorin a kowace lita. A rijiya mai lita 2,360 ɗin nan, giram 118 ke nan na tsantsar kulorin, wato kusan giram 180 na garin kulorin da ake kira HTH mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, ko kusan lita 3 da rabi na bilicin wanki mai kashi 3.5, marar turare. A dama garin a bokitin roba mai lita 20, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman, a wanke bango da shi, sauran a zuba ciki a motsa da guga. A sa safar hannu, a kiyaye ido, kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki. A rufe awa 12 zuwa 24 ba mai ɗiba, sannan a kwashe har warin ya tafi. A jira sati ɗaya zuwa biyu kafin a sake gwaji, domin gwajin washegari kulorin kawai zai nuna maka. Idan E. coli ta dawo alhali sama a gyare yake, daga ƙasa take. A nan shawarata a mayar da rijiyar ta wanki da shara, a nemi na sha a wani wuri.

Kafin nan, abin sha a gida. Tafasawa ta fi komai tabbas: ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya, ya huce a cikin tukunyar a rufe. Idan kulorin ne, jarka mai lita 20 ta ruwa garau tana ɗaukar mililita ɗaya da ɗan ɗori na bilic mai kashi 3.5, a auna da sirinji, a girgiza, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warinsa kaɗan bayan nan. Ƙwayoyin maganin kulorin irin su Aquatabs da makamantansu a bi abin da aka rubuta a jikin takardarsu. Ruwa mai laka sai an kwantar da shi an tace tukuna, don laka tana cinye kulorin tana kuma ɓoye ƙwayoyin. Alif yana kwantar da laka ya rage ƙazanta, amma ba ya kashe abin da ya rage. Sannan a kula da randa. Ruwa yakan fito daga tushe da sifili ya lalace a cikin gida, ta moɗar da ake ajiyewa a ƙasa da hannun da ke nutsawa tare da ita. Mazubi mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo ya fi, in kuwa randa ce, moɗa mai dogon hannu a rataye, ba a sha da ita.

Na bohol ɗin, kolifom 8 ba E. coli, ya fi kama da matsalar tanki ko bututu: murfin da ba ya rufuwa, ƙura, dauɗa a bango. A wanke tankin da kulorin, a gyara murfin, a sake ɗiba sau biyu, ɗaya daga bakin bohol kafin tanki, ɗaya daga famfo. Idan na bakin bohol ma ya nuna kolifom, a duba ko an zuba siminti kewaye da bututun daga sama lokacin haƙa, domin bohol ɗin da ba a toshe wuyansa ba ruwan sama yana bin jikin bututun ya sauka. Haka ruwan famfo da ke zuwa yana ɗaukewa: lokacin da bututu ya zama fanko yana iya zuƙo ruwan kwata ta inda ya fashe, shi ya sa na farkon dawowa bai kamata a tara don sha ba.

Sifilin ma yana da iyaka. Wasu ƙwayoyin sun fi E. coli taurin rai, musamman a gaban kulorin. A 1993 a birnin Milwoki na Amurka, wata ƙwaya mai suna Cryptosporidium ta bi ruwan famfo ta kwantar da mutum wajen 400,000, alhali ana sa wa ruwan kulorin. A 2000 kuma a garin Wokaton na Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu cikin wata rijiyar gari, mutum kusan 2,300 suka kamu, 7 suka rasu. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka yi wannan ɓarna wani nau'in E. coli ne mai dafi, O157:H7. Saboda haka sakamako mai kyau guda ɗaya ba ya wanke rijiyar da ido ya ga masai a gefenta. A gwada aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina, ɗaya da rani wajen Maris, a ƙara bayan duk ambaliya, ko gyaran rijiya, ko haƙa sabon masai a kusa. Idan kuma wani a gidan ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a wuce asibiti, a faɗa wa likita abin da gwajin ruwan ya nuna.